Rumfar Tumatirin Baba Ƙarami

Ni ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na tsaya, amma abin da kunnena ya ɗauka ba ya zubarwa. Shi ya sa har yau, in na tsugunna ina yanka tumatir, sai in ji muryar Iya, kakarmu ta wajen uba, kamar tana zaune a bayana.

Gidanmu a Ƙofar Jatau yake, cikin birnin Zariya. Lokacin sanyi, da an idar da magariba an ci tuwo, Iya kan kwaso garwashin murhu a kasko ta ajiye a ƙofar ɗakinta, ta binne dankali a cikin toka. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa na miƙa tafin hannu, ana ture-ture. Ita ba 'yar birni ba ce. 'Yar masu lambu ce daga wani ƙauye na bakin rafi, aure ya kawo ta cikin ganuwa. Duk tukunyar da ta fashe a gidan nan ba a yar da ita, sai Iya ta cika ta da ƙasa, kwana kaɗan ka ga barkono ya leƙo.

A shekarar da nake magana, autanta Malam Shehu, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya gama kwalejin horon malamai, aka tura shi wata ƙaramar sakandare ta wajen Wusasa yana koya wa 'yan aji ɗaya aikin gona. Ya ce shi ba zai koyar da shuka a kan allo kaɗai ba. Ya yi ta roƙo har shugaban makaranta ya ba shi wani fili a bayan azuzuwa, filin da malamin wasanni ya daɗe yana so ya mai da na ƙwallo. Yara suka kafa rumfa, suka yayyafa irin tumatir a ƙarƙashinta, kowane yaro da layinsa.

Wata ranar Alhamis ya dawo ya jingine kekensa, ko tuwo bai taɓa ba. Ya zo ya zauna a gefen kaskonmu, abin da rabonsa da yi tun yana yaro.

"Auta, wa ya mutu?" in ji Iya.

"Tumatir ne, Iya. Shekaranjiya muka yi dashe, yau duk sun kwanta. Yara har da masu kuka. Shugaba ya ce in dashe na biyu ya mutu, filin ya zama na ƙwallo, ni kuma in koma allo."

"Da suna rumfa yaya suke?"

"Lafiya lau. Dogaye, kore shar. Duk Litinin da rula nake aunawa, wanda nasa ya fi tsawo shi ke cin maki mai yawa."

"Su kuma yaran me suka yi don nasu ya yi tsawo?"

"Sun lura na cikin inuwa ya fi miƙewa, sai kowa ya riƙa ƙara ciyawa a saman layinsa. Ruwa kuwa sau uku a rana."

Iya ta jawo kasko gabanta. Ta tona dankali ta juya shi, ta dube mu ta buɗe tatsuniya, ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata." Muka ce, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Wai wata mata ce ba ta taɓa haihuwa ba. Ran nan ta je rafi ta tsinci wani ɗan tsiro, ta kawo gida ta dasa a sakaina. Da gari ya waye sai ta tarar ya zama yarinya. Matar ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ta ce rana ba za ta taɓa ganin 'yarta ba. Ta yi mata rumfa, ta jibga ciyawa bakwai-bakwai, kafin yarinya ta ce ƙishi an kai mata ƙwarya a baki. Yarinya ta yi tsawo, fara sol, siririya kamar sillen kara, duk garin ana zuwa kallonta.

Sai rannan uwar ta kwanta zazzaɓi, randa ta ƙafe. Yarinya ta ɗauki tulu za ta rafi. Taku uku ta yi a rana, wuyanta ya langaɓe, ta zube a ƙofar gida.

A nan Iya kan siranta murya ta yi waƙar yarinyar: "Inna, Inna, rana na cizona, Inna, wa ya ɓoye mini ita?"

Wata tsohuwa mai tallan kuka ta zo wucewa, ta yayyafa mata ruwa, ta ja ta inuwa, ta ce wa uwar, "In kina son ta rayu, kullum da safe ki zare ciyawa cikin hannu ɗaya daga rumfar nan. Ruwa kuma kada ki ba ta sai ta nema." Uwar ta ce ba za ta iya ba. Tsohuwa ta ce, "To ki haƙa mata rami tun yanzu."

Haka uwar ta riƙa zarewa tana kuka, yarinya na waƙa tana ƙara kuka, amma ba ta mayar da ko tsinke ɗaya ba. Kwana bakwai rumfa ta zama itace tsirara. Yarinya ta yi duhu, ƙafafunta suka yi kauri, masu zuwa kallo suka ce ai ta lalace. Ita kuwa ta ɗauki tulu da rana tsaka, ta je rafi ta dawo, ta shayar da uwarta.

"Ta ƙare, ta bi ta ƙofar gari ta fice," in ji Iya. "A raba dankali."

Ƙanena Sabi'u ya ce shi dai farar ya fi so. Iya ta ce, "Angona, ka aure ta, ka ga mai ɗebo maka ruwa." Muka yi ta dariya. Baba Ƙarami ne kaɗai bai yi ba. Ya tashi ya ɗauko littafinsa, ya karkata shi wajen fitilar ƙwai, ya daɗe yana dubawa.

"Iya, wallahi wannan darasin yana ciki. Layi biyu ne. Na karanta har na ci jarrabawa a kansa."

"Ni ban san me ke ciki ba," in ji ta. "Na dai san babanmu ba ya duba tsawo. Kara yake matsawa da yatsa. Kuma ba ya dashe sai bayan la'asar. Ci tuwonka."

Abin da ya burge ni da Baba Ƙarami, bai ɓoye ba. Shi da bakinsa ya gaya mana cewa ya tsaya gaban yaran nan ya ce laifin rularsa ne, ba nasu ba. Ya ba su tatsuniyar kamar yadda ya ji ta, har waƙar, suna ta yi masa dariya. Sannan ya bayyana musu cewa tsiron da ke cikin duhu miƙewa yake yana neman haske, shi ya sa yake tsawo ba ƙarfi, wanda kuma ruwa ke zuwar masa kullum saiwarsa ba ta nitsawa ƙasa. Suka sake yafa iri. Maki ya koma na mai kaurin kara. Da ya rage mako a yi dashe, kowane yaro ya riƙa zare ciyawa cikin hannu ɗaya kafin a shiga aji. Ya ce akwai wata yarinya da sai da ya tsaya a kanta, don in ya juya baya mayarwa take yi.

Ana gobe dashe ya kawo tsiro ɗaya a gwangwanin madara. Iya ta matsa karan, ta shinshina yatsunta, ta ce, "Wannan ta isa zuwa rafi."

Aka yi dashe, wannan karon ba su kwanta ba. Da tumatir ya nuna, shugaban makaranta da kansa ya aiko wa Iya da kwando, malamin wasanni kuma ya ci gaba da kai 'yan ƙwallonsa filin unguwa.

Iya ta rasu ina amarya. Na zauna a Ƙofar Kuyambana, kuma ni mai son gida ce, in ba biki ko gaisuwa ba, ba na leƙa zaure. Haka na riƙe 'yata Binta. Ko gishiri ba na aikenta. Da ta isa shiga makaranta na yi ta kawo dalili, yau hanya da nisa, gobe mashina sun yi yawa, har aka yi wata biyu da buɗewa.

Wata rana maƙwabciyata Hadiza, ma'aikaciyar asibiti, ta shigo aron turmi ta tarar da Binta a ɗaki. Ta ce, "Maman Binta, kada ki ji haushi. Malaminmu na aikin gona ya taɓa ba mu wata tatsuniya, ni ce ma na fi kowa taurin kai a kanta." Ta fara. Ta mai da tsohuwar mai tallan daddawa, waƙar kuma ta ɓace mata a tsakiya. Na ƙarasa mata. Ta saki baki tana kallona.

Shekara da shekaru ina ɗauka Iya da Baba Ƙarami take, ashe har da ni a cikin waɗanda ke zaune a bakin kaskon. Kuma sai ranar na lura da abin da ta yi: a duk tatsuniyar ba ta zagi uwar ba ko sau ɗaya. Ta san so ne ke jibga ciyawar.

Washegari na sa wa Binta kayan makaranta, na haɗa ta da yaran unguwa. Na raka ta har zaure. Ta waiwayo sau biyu, na ji ƙafata na son bin ta. Na riƙe ƙyauren da hannu biyu har suka sha kwana.