Na yi murabus daga kallon tsofaffin masu gita

Sanarwa ga jama'ar Landan da kewaye: a watan jiya na yi murabus daga zuwa wasan tsofaffin Turawan nan masu kiɗan rock. Shekara da shekaru waƙoƙi iri ɗaya, a jeri ɗaya, har inda mai gitar ke tsayawa ya sha ruwa na haddace.

Abokin tafiyata kullum shi ne Dakta Sani na Plumstead, tun muna ɗalibai. Bara shanyewar ɓarin jiki ta same shi, magana ta yi masa nauyi. Da 'yarsa Hafsat ta kira ta ce ta saya mana tikitin wasan, sai na kafa mata lacca a kan mawaƙan da suka daina ƙirƙira. Na ce su je, a dawo lafiya.

Washegarin wasan ta sake kira.

"Uncle, jiya Baba ya rera waƙa."

"Wace waƙa? Mutumin da ko sunanki da ƙyar yake faɗa?"

"Duka, wallahi. Kafin su fara kowace ya riga su, don ya san wadda ke biye. In an tsaya kuma sai ya juya ya dubi kujerarka."

Maimaicin da nake wa ba'a shi ya kwance harshen aminina na ɗan lokaci, ni kuwa ina gida ina shan shayi da hujjojina.

Na yi kuskure. Jama'a, da wane baki ake zuwa ba da irin wannan haƙurin?