Zabuwar da Ba Ta Sha Ruwa Ba

Iya, mahaifiyar babanmu, ba ta yin tatsuniya sai an gama girbi. Cewa take wanda hatsinsa bai shiga rumbu ba, ba shi da bakin hira. To da zarar an rufe rumbuna a ƙauyenmu na gefen Dogo-Dogo, ana idar da sallar isha'i sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta watsa gyaɗa cikin toka, mu kewaye ta. Rowar gyaɗa gare ta, Allah ya jiƙanta. Wanda ya miƙa hannu kafin ta raba, ludayi ne zai gaisa da bayan hannunsa.

Ni nakan zauna jikin yayata Sa'a. Ita ba ta cin gyaɗar, wai toka ta taɓa ƙasa, ƙasa kuma wa ya san abin da ya taka ta. Tun tana aji huɗu abin ya kama ta. Sai ta wanke hannu, ta tashi, ta koma ta sake, har fatar ta tsattsage tana jini. Ta san hannun tsaf yake, da bakinta take faɗa tana kuka, amma zuciyarta ba ta yarda. A gida aka ce waswasi ne, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, abin yana nan.

A lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, randa ɗaya ce a bakin aji, yara ke cika ta bi da bi daga rijiya. Ƴan ajin su Sa'a suka gano lagonta. Ba su dukanta, ba su ƙwace mata komai. Wata Lanti ce dai, ƴar maƙwabtanmu, za ta sunkuyo ta ce a hankali, "Sa'a, kashin kaza a hannunki." Shi ke nan. Sa'a za ta miƙe ta nufi randa. Tana dawowa wani zai ce ai ya ga saura tsakanin yatsu. Kafin azahar ruwa ya ƙare, Mushe, malamin ajinsu, ya fusata ya ɗora mata tulu ta je ta cika abin da ta ɓarnatar. Ana karatu tana hanyar rijiya. Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya ta koma can ƙasa, Baba kuma ya ce in lakwal wankin hannu ce, ta zauna gida ta yi.

Iya ba ta yarda ba. Ta ce a ba ta kwana biyu, ita ta san maganin yara. Ran nan sai ta aike ni in kira Lanti da sauran ƴan ajin su zo hira, ta gasa gyaɗa kwano guda, abin da ban taɓa gani ba.

"Ga ta nan tafe," in ji ta, "ku matsa mata ta zauna."

Muka ce ta zo mu ji ta.

Wai wata zabuwa ce ta yi ƙwai a gindin sabara, ta rufe da ganye. Duk sanda garken zabi suka tafi tafki shan ruwa, sai zuciyarta ta ce mata ƙwan a buɗe yake. Ta koma ta duba, ta tarar a rufe, ta dawo. Da ƴan'uwanta suka lura, abin ya zame musu wasa. Tana kai baki ga ruwa sai ɗaya ta ce, "Ƙwanki a buɗe." Ta kwasa da gudu. Ta dawo tana haki, wata ta sake faɗa. Haka aka yini, aka kwana, aka tashi. Rana ta yi zafi, sai ga ta kwance tsakanin tafki da sabara, baki a bushe, ta mutu. Sarkin tsuntsaye ya tara zabi ya ce wa ya kashe ta. Kowace ta ɗaga fiffike ta rantse ita ko gashinta ba ta taɓa ba. Kuma babu wadda ta yi ƙarya.

Iya ta tsaya nan, ba ta ko rufe tatsuniyar yadda ta saba ba. Ta bi yaran da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Ke Lanti, ƙawata, wa ya kashe ta?"

Lanti tana ɓare gyaɗa ta ce, "Iya, ai wautarta ce. Wa ya hana ta sha?"

Aka fashe da dariya.

Washegari muna shiga lakwal wani ya ce, "Ga zabuwa nan." Kafin a tashi, sunan ya zaga ko'ina. Ba sai sun ƙirƙiro kashin kaza ba yanzu, kukan zabi kawai suke yi in ta wuce. Garin neman gira Iya ta rasa ido. Sa'a ta daure har mako ya zagayo, sannan wata safiya ta ce mini in tafi, ita kanta ke ciwo. Ba ta sake taka ƙofar lakwal ba. Mushe bai aiko a tambaya ba, Baba bai je ba.

Na tsani Lanti shekaru da yawa, kuma ba zan ce na daina gaba ɗaya ba. Iya kuwa ba ta ƙara hura wutar hira a shekarar ba. In mun matsa mata sai ta ce, "Ku ƙyale ni, bakina ya yi ɓarna." Ta rasu tana ganin laifinta ne.

Sai da na girma na zama malama a Magarya na kai Sa'a asibiti a Damagaram. Likita ya ce ciwo ne sananne, tunani ke takura wa mutum har sai ya maimaita abu, kuma yana da magani. Da sauƙi yanzu, tana aure a Sassumbrum, tana kwana biyu ba ta tsaya bakin buta ba.

Na daɗe ina juya tatsuniyar nan. Ban ga laifin Iya ba, gaskiya ta faɗa, sai dai ta faɗa wa yara, alhali manya ya kamata su ji. A labarin nan sarkin tsuntsaye bai zo ba sai da aka yi gawa. Mu ma haka aka yi mana: babban da zai tsaya bakin randa ya ce wa yara kul, shi aka rasa. Shi ya sa a ajina ba na jiran a doki yaro kafin in tashi.

Bana ƴar Sa'a ta isa shiga lakwal. Na je da kaina in roƙi Sa'a ta bar yarinyar ta shiga. Ta saurare ni har na gama, tana kallon ƴar tana wasa da ƙasa.

"Na ga ta fara son wanke hannu," in ji ta. "Ke da kike ciki, gaya mini tsakani da Allah, yanzu an daina dariya?"

Ba a yi wa Yaya Sa'a ƙarya. Na ce a ajina an daina. Ta ce to aji irin nawa guda nawa ne a ƙasar nan. Har na hau babur ɗin kabu-kabu ba ta ce mini i ko a'a ba.