Kawu Haladu da Jandarma

Duk wanda ya zauna unguwar Tayuri a Sabha ya san bakin Kawu Haladu bai iya furta "ban sani ba". Ko injin jirgin sama ka ajiye masa, sai ya gyara hula, ya ce, "Wannan? Ai tun Tawa na san shi." Ni ɗan ƙanwarsa ne, na san abin da ya sani a garinmu Tawa: jaki ne guda, shi ma na maƙwabci.

Kun tuna gadi yake yi a wata gonar dabino a Gudduwa. Tsufa ya zo, ido ya yi rauni, ɓarayi suka mai da garken awakin gonar kamar na gadonsu. Mai gonar, Balaraben nan da muke kira Mudir, ya ce in aka sake ɗaukar ko ɗan akuya ne zai kawo saurayi. Kawu kuwa ba abin da yake tsoro a duniya kamar a sallame shi ya koma gida hannu rabbana.

Ana haka ya ji wani a unguwar Sukra yana neman mai karɓar karensa kyauta. Kawu ba ya wuce kyauta, ko ta ciwon kai ce. Na raka shi. Kai jama'a! Irin karnukan makiyayan Turkiyya ne, kai kamar turmi, tsayi har ƙugun mutum. Mai karen ya fito hannunsa naɗe da bandeji.

Na ce, "Kawu, dubi hannun mutumin nan fa."

Ya ce, "Ƙofa ce ta datse shi."

Mutumin dai ya fita haƙƙinmu. Ya ce wannan iri ba na ɗan koyo ba ne, yana da taurin kai, sai wanda ya saba da karnuka, mai iya kama shi, ya ja shi yawo, ya nuna masa wane ne babba tun ranar farko. Ya tambaya ko Kawu ya taɓa kiwon kare.

Kawu ya ce da ni, "Gaya masa tun Tawa na san su."

Bai yi ƙarya ba, sun sha bin sa da gudu.

Kawu ya raɗa wa karen suna Jandarma, wato ɗan sanda. To ga inda gizo ke saƙa: Kawu mutum ne mai kaffa-kaffa da alwala, ya rantse hannunsa ba zai taɓa kare ba. Daga nesa zai yi horon. Da guntun bututun ban ruwa yake tura masa kwanon abinci. Na taɓa ganin darasin da idona. Kawu ya daka tsawa, "Jandarma, zauna!" Kare ya miƙe tsaye ya zuba masa ido.

"Yawwa, tsaya ɗin. Da ma ita nake nufi."

Batun ci kuwa, kun san maƙon Kawu. Shirinsa ya riƙa ba kare busasshen burodi da ragowar makaroni. Jandarma ya shinshina, ya ɗaga kai ya dubi cinyar kazar da ke kwanon Kawu, ya yi wani gurnani daga can cikin ƙirji. Daga ranar aka yi musaya. Na iske Kawu yana tsoma burodi a shayi, kare na tauna ƙashi.

"Kawu, ina namanka?"

"Likita ya hana ni maiƙo."

Mutumin da rabonsa da likita tun allurar yara!

Wata rana na zo da rana tsaka, zafin Sabha na dukan kai, na hango shi zaune a kan tankin ruwa da butarsa, kare kuma ya miƙe ƙafa a inuwa, a kan tabarmarsa. Na ɗaga murya daga bayan shinge, "Kawu, me kake yi a sama?"

"Kai yaro ne. Gadi daga sama ya fi."

Babbar ranar ita ce da Mudir ya zo duba gonarsa. Jandarma ya tsare shi cikin mota, ya cire madubin gefe kamar mai tsinkar dabino. Mudir ya ɗan sauke gilashi yana ihu, "Ya Haj, kama karenka!"

Kawu daga kan tanki ya ce, "Mudir, ina da alwala!"

Nan take aka sallame shi. Washegari aka turo wani saurayi ɗan Agadas ya karɓi aiki. Bai wuce ƙofa ba, takalminsa ɗaya ne kawai ya shiga gonar. Sai Mudir ya gane Kawu kaɗai karen ke bari ya numfasa a wurin, ya haƙura ya mai da shi bakin aiki. Ɓarawo bai sake leƙowa ba. Haka baƙo, haka mai sayen dabino. Kawu ya riƙa zuwa Tayuri ranar Juma'a yana buga ƙirji, wai shi ya horar da kare. Mu dai mun san wanda aka horar.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya kira ni a waya. Na zo da safe da mota in kai shi asibiti, na tarar Jandarma ya gicciye a bakin ɗaki, haƙora waje. Ina ganin Kawu kwance, ba halin in isa gare shi. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Da muryar da ta rage masa ya ce, "Jandarma, tashi." Ina! Yaushe ya taɓa ji? Sai Kawu ya ja jiki a hankali, ya miƙa hannun nan da ya daɗe yana killacewa, ya ɗora a kan karen, ya shafa. Wallahi sai ga ƙaton nan ya kwantar da kunne, ya yi wani ɗan kuka kamar jariri, ya matsa gefe.

Kawu ya daɗe yana kallon sa. Sannan ya ce, "Ashe abin da yake jira ke nan. Ban sani ba."

Bai dawo daga asibiti ba. Ya rasu yana mai gadin gonar, ba wanda ya sallame shi. Allah Ya jiƙan Kawu Haladu, Ya yafe masa, Ya karɓi alwalar nan da ya yi ta tattali, Ya ba shi inuwar da ba mai tashinsa daga cikinta. Amin.