Tsinkakken Bel ɗin da Ya Wanke Marigayi

Kafin sauran masu gareji su ɗaga ƙofofinsu, Mai Madubi ya riga ya share gaban rumfarsa ya yayyafa ruwa. Daga nan sai ya yi abin da ya daɗe yana ba maƙwabcinsa mai walda dariya: ya ɗauki sabulu ya wanke hannu tas, alhali cikin baƙin mai zai tsoma shi.

"Baba, wai surukai za ka je gaisarwa ne?" in ji mai walda.

"Yatsa mai datti ba ya jin maganar ƙarfe," in ji shi. Sai ya goge hannu, ya sa 'yar tocila a aljihun hagu, ya sa ɗan madubinsa mai dogon mariƙi a na dama, ya zauna a kan benci yana jiran motar farko. Madubin nan ne ya cinye sunansa na yanka. Ko jikokinsa da shi suke kiransa in sun tabbatar ba ya kusa.

Bakanike ne, amma an fi zuwa wurinsa da tambaya ɗaya. Mutum zai sayi motar hannu, ya kawo ta, ya ce, "Baba, duba mini, an taɓa canja bel ɗin tayimin kuwa?" Wanda bai san mota ba zai ɗauka ƙaramar tambaya ce. Bel ɗin nan na roba ne mai haƙora, yana ɓoye bayan murfi a gefen inji, kuma shi ke sa sama da ƙasan inji su yi tafiya tare, kowane ƙarfe ya kauce wa ɗan'uwansa a kan lokaci. In ya tsufa ba ya kuka, ba ya hayaƙi, ba ya kunna wata fitila. Rana ɗaya kawai zai tsinke ana cikin gudu, a motoci da yawa kuma fistin ya daki bawul, inji ya tashi daga aiki. Mai saye ba ya ganinsa, mai sayarwa kuwa kullum amsarsa a shirye take: an canja, bai daɗe ba.

Mai Madubi ba ya musu da kowa. Zai ɗaga bonet, ya shafa kawunan notocin murfin, domin notin da sifana ta taɓa kamawa ba ya ɓoye tabonsa. Zai zura madubi ya haska, ya nemi ɗigon fentin da kanikawa ke sawa kafin su cire bel don kada saiti ya ɓace. Zai dubi famfon ruwa, wanda akan canja tare da bel, ko ya fi sauran inji ƙuruciya. In ya samu hali ya kwance murfin sama ya lanƙwasa bayan bel ya ga ko ya tsattsage. Bayan duk wannan amsarsa ba ta wuce uku: an canja, ba a canja ba, ko kuma ban sani ba.

Ta ukun nan ce ta kore masa mutane da yawa, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami. Mu mutane ba ma son bakaniken da zai ce bai sani ba. Mun fi son wanda zai bugi ƙirji ya rantse, ko da gobe za mu kwana a bakin titi. Mai walda ya shaida ranar da wani dillali ya kawo mota an wanke injinta har tana ƙyalli, an manna sabuwar sitika mai cewa an canja bel. Mai Madubi ya shinshina murfin, ya ce wa mai sayen, "Sitikar dai sabuwa ce, wannan na tabbatar. Abin da ke bayanta kuwa sai an buɗe." Dillali ya ce ba za a buɗe ba, ya ja motarsa yana zage-zage. Tun daga ranar dillalin ya daina gaishe shi, shi kuwa Mai Madubi bai fasa gaishe shi ba.

Kai ne, Baba, wanda bai taɓa ƙara wa ƙarfe magana ba, bai kuma rage masa ba. Na san kanikawan da suka fi ka kayan aiki da faɗin gareji. Ban san wanda ya fi ka tsoron faɗin abin da bai gani ba.

A bana idonsa ya soma ba shi kunya. Yana ganin mota, yana ganin mutum, amma ƙananan rubutu da siririn tsagi sun guje masa. 'Ya'yansa suka matsa masa ya huta, ya amsa cewa ƙarshen wata zai rufe rumfa. A cikin kwanakin nan ne wata mata ta zo masa da tambayar da ta fi duk waɗanda ya saba ji nauyi.

Maman 'Yan-biyu ake ce mata, tela ce. Mijinta ya rasu bayan doguwar jinya. Da ciwo ya yi tsanani, ya sayar da motarsa ga ƙanensa, wanda 'yan matansa biyu ke kira Baffa, domin ya yi haya da ita. Ya kuma gaya masa da bakinsa cewa an canja bel ɗin tayimin, kada ya damu. Ba a daɗe da rasuwar ba, Baffa ya ɗauko matarsa da goyo a babbar hanya, bel ya tsinke, inji ya mutu, suka yini a rana a tsakiyar daji. Da aka jawo motar, wani bakanike ya leƙa ta sama ya ce bel ne ya tsinke, bai ƙara komai ba. Baffa ya wuce gidan yayansa ransa a ɓace, ya tsaya a tsakar gida, 'yan matan biyu suna wanki, ya ce ubansu ya yi masa ƙarya yana bakin kabari.

Magana zarar bunu ce. Daga ranar bai sake taka gidan ba, yaran kuma suka daina ambatonsa. Abin da ya fi ci wa uwar rai shi ne sun daina ambaton uban nasu ma. Da can kullum suna cikin "Abba ya ce", "Abba yakan yi". Yanzu in ta kawo zancensa sai su sunkuyar da kai. Rannan ƙaramar ta tambaye ta a hankali, "Mama, da gaske ne?" Ita kuwa ba ta san komai game da mota ba, mutumin kawai ta sani.

Ta aika wa Baffa ta bakin matarsa cewa a kai motar wurin Mai Madubi a buɗe a gaban kowa. Ya amsa da cewa gani ya kori ji. Ranar da za a yi aikin ta riga shi zuwa, ta durƙusa ta gaida tsohon, ta ba shi labari duka. Sannan ta rage murya.

"Baba, don Allah ko me ka gani, ka ce an canja. Ba don ni ba, don marayun nan."

Mai Madubi ya dube ta. Yana da 'ya'ya mata, ya san abin da ake roƙonsa. Ya kuma san kalma ɗaya ce, babu wanda zai kama shi, ga shi ma yana shirin barin sana'ar.

"'Yata," ya ce, "in na faɗa miki abin da ban gani ba, ke za ki fara sanin ƙarya ce. Da wane ido za ki dubi yaran? Bari mu buɗe. In mijinki ya faɗi gaskiya, ƙarfe zai tsaya masa. In ban gane ba, zan ce ban sani ba. Abin da nake da shi ke nan."

Ta share hawaye da gefen mayafi, ta koma kan benci ta zauna.

Aka jawo motar, ƙura ta rufe ta. Baffa ya gaida tsohon, ya gaida matar yayansa sama-sama ba tare da ya dube ta ba. Tun kafin a ɗaga bonet ya fara: babu sitika, babu rasit, wane irin canji ne ba shaida?

"Sitika a kasuwa ake sayar da ita, ɗana," in ji Mai Madubi. "Samunta ba shaida ba ne, rashinta ma haka. Miƙo hannunka."

Ya kama yatsan Baffa ya ɗora a kan notin murfin ƙasa, can inda ba a kaiwa sai an cire taya. "Me ka ji?"

"Gefensa ya ɗan ci."

"Shafa na kusa da shi, wanda ba na murfin ba."

"Wannan sumul yake."

"To, wani ya taɓa shiga nan. Amma wannan bai ce an canja ba, cewa ya yi an buɗe. Kada mu riga ƙarfe magana."

Haka ya yi ta kwancewa a hankali, yana jera notoci a kan tsumma. Maman 'Yan-biyu ba ta fahimci komai ba, fuskarsa kawai take kallo, fuskar kuma ba ta nuna mata komai. Da murfi ya fita, ya zura madubi ya haska, ya daɗe yana ƙifta ido. Daga baya ya miƙa wa Baffa madubin, abin da mai walda ya rantse bai taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

"Idona ya tafi. Duba mini bakin gargaren nan na sama da bel ke hawa. Akwai ɗigon fenti?"

"Akwai. Fari."

"Na ƙasa fa?"

"Shi ma."

Sai tsohon ya zaro tsinkakken bel ɗin, ya goge shi da tsumma, ya lanƙwasa shi baya, ya bi haƙoransa da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗora shi a tafin Baffa.

"Akwai rubutu a bayansa. Karanta mini, da ƙarfi."

Baffa ya karanta harufa da lambobi, tiryan-tiryan, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"Duka sun fito?"

"Ras."

"Bel ɗin da ya tsufa, rubutun nan ne ke fara gogewa. Lanƙwasa shi. Ka ga tsagi?"

Baffa ya lanƙwasa, ya juya, ya sake lanƙwasawa. Muryarsa ta yi ƙasa. "Babu."

Mai Madubi ya sa hannu cikin injin ya fito da wani ɗan gargare, wanda aikinsa ɗame bel kada ya saki. Ya girgiza shi, ya yi ƙarar gwangwani, 'ya'yan boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ke cikinsa, suka zubo ƙasa. "Ga wanda ya ajiye ka a daji. Wannan tun daga kamfani yake, ba a taɓa shi ba. Tare ake canja shi da bel. Wanda ya yi aikin ya sa sabon bel ya bar tsohon gargare, shi ya tarwatse ya yaga bel ɗin. Mai mota ba shi da hanyar sani, yana bayan murfi. Yayanka ya ce an canja bel. An canja."

Baffa ya miƙe, idonsa ja. "Wane bakanike ne? Gaya mini, Baba!"

"Ban sani ba. Ƙarfe bai faɗi suna ba, ni ma ba zan faɗa ba. Ka riga ka ɗora wa mutum ɗaya abin da ba ka gani ba. Ya isa."

Mai walda ya kashe wutarsa. Baffa ya tsaya da bel a hannu kamar an dasa shi. Can ya taka zuwa benci, ya zube a kan gwiwoyinsa cikin ƙasa mai baƙin mai.

"Yaya, ki yafe mini."

Ba ta yi kuka ba. Ta dube shi, ta dubi abin da ke hannunsa.

"Ni ban riƙe ka ba. Amma ba a gabana kaɗai ka faɗa ba. Tashi mu je gida, ka karanta musu kamar yadda ka karanta nan."

Matar Baffa ce ta ba ni ƙarshen labarin, domin tana wurin. Ta ce ya tsaya a daidai inda ya tsaya rannan, 'yan matan suna bakin ƙofar ɗaki, ya ɗaga bel ya fara karanta lambobin, bai kai ƙarshe ba muryarsa ta karye. Babbar ce ta karɓa ta ƙarasa. Da aka zauna cin abinci kuma, ƙaramar ta ce wa Baffan nata ya matsa daga nan, wurin Abba ne, Abba ba ya son a zauna masa a wuri. Uwar ta tashi ta shiga ɗaki, a can ta yi kukanta.

Kai ne, Mai Madubi, ka mayar wa yaran nan ubansu. Da ka amsa roƙon uwarsu ka rufe ido ka ce an canja, da Baffa ya ce tausayi ne ya sa, da kuma maganarka ta zama iska. Shekarun da ka yi kana cewa "ban sani ba", mutane suna juya maka baya, su ne suka sa "an canja" ɗinka ta yi nauyin da za ta ɗauke ƙarya daga kan wanda ba zai iya tashi ya kare kansa ba.

Ƙarshen wata ya zo, ya rufe rumfa kamar yadda ya yi alkawari. Ba a yi taro ba, ba a ba shi lambar yabo ba. Ya raba sifanu ga waɗanda ya koya wa aiki, madubin kuwa ya mayar aljihu, ya ce da shi zai riƙa duba ƙarƙashin gado in takalminsa ya ɓace.

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya ba ka hutun da ka daɗe kana hana kanka. Ku kuma masu riƙe da sifana, da mu masu riƙe da alƙalami, da duk wanda ake zuwa wurinsa a ce "duba mini", mu yi koyi da tsohon nan. Mu faɗi iyakar abin da muka gani, inda gani ya ƙare mu ce ba mu sani ba. Wata rana wani zai zo da tambayar da mutuncin mamaci ke rataye a kanta, kuma zai buƙaci bakin da za a yarda da shi.

Bel ɗin yana nan a gidan Maman 'Yan-biyu. Yaran sun hana a jefar da shi, sun rataye shi a ƙusa ɗaya da hular Abbansu.