Biyar a Hannu, Biyu a Daji

A shekarun da ƙauyuka suka riƙa watsewa, ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Batsari. Da masu gudun hijira suka cika ajujuwan firamaren da ke kusa da mu, sai wani jami'in ƙaramar hukuma ya roƙe ni in haɗa musu fom na intanet, don a rubuta kowane magidanci kafin rabon hatsi.

Na zauna na tsara wa kowane gurbi ƙa'idarsa. Masu sana'ar suna ce mata rejeks, wato 'yan alamomi da ake jerawa su gaya wa kwamfuta irin rubutun da za ta karɓa. Lambar waya, alƙaluma goma sha ɗaya, a fara da sifili. Gurbin suna sai da na sake shi, don na manta da ƙ da ɗ da ɓ, ya dinga korar sunayen mutane. Na yawan 'ya'ya kuwa ko tunani ban yi a kansa ba: lamba zalla.

Rana ta uku da hantsi layi ya zo kan wani dattijo daga wajen Runka, can ƙasar Safana. Muka gaisa, na yi masa ban gajiya da jaje.

"Baba, 'ya'ya nawa?"

"Bakwai ne. Biyar suna nan, biyu suna daji a hannun mutanen nan."

Jami'in ya ce in sa biyar, tunda hatsin na waɗanda ke nan ne. Dattijon ya dafa teburin.

"Malam, ku ba ni na biyar ɗin, ban ce a ƙara mini ko tiya ba. Amma kada ka rubuta biyar. Ba a yi musu jana'iza ba."

Na gwada rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, gurbin ya yi ja, ya ƙi karɓa. Kunya ta kama ni, don ni na hana shi da hannuna. Na ce su ɗan dakata mini. Na buɗe ƙa'idar, na ba ta izinin karɓar alamar tarawa da wata lamba bayan ta farko, in da buƙata. Jami'in ya fara gunaguni zan dagula masa aiki. Da na nuna masa lambar farko kaɗai za a duba wajen awo, sai ya ce in ci gaba.

Na rubuta 5+2. Dattijon bai yi boko ba, sai na karanta masa. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya yi albarka.

Matar da ke bayansa ta ji komai. Tana matsowa ta ce nata uku ne da ɗaya. Kafin la'asar na sauya tambayar gaba ɗaya, sai in ce, "Nawa ke tare da ku, nawa ake jira?"

Bayan kaka dattijon ya zo makarantarmu a kan babur na haya, yana cigiyata. An sako 'yarsa, namijin ne har yanzu shiru. Rabon ya daɗe da ƙarewa, ba mai leƙa fom ɗin, amma na buɗe na mayar da shi shida da ɗaya a gabansa. Na ce ya zauna ya sha ruwa, ya ce a'a, ya baro ta a asibiti da mahaifiyarta, kuma mai babur yana jiransa.