Kafson da Na Ɗura wa Baba

Shekarar da na buɗe shagon magani a Yelwa, kaina ya kumbura har ban ganin kowa da gashi. Wata shida kacal na yi ina koyon aikin a bayan kantar wani mai magani, amma ko tari aka yi a gidanmu sai na yi bayani.

Baba masunci ne a wani ƙauye da ke bakin tafkin Kainji. Shi ke gaba idan jiragen ƙauyen za su fita, domin ya san inda kututturan itatuwa suke a ƙarƙashin ruwa. Wata rana ƙugiya ta yanke shi a hannu, wurin ya kumbura, na kai masa kafso. Cikin mako guda ciwon ya warke. Ni kuwa na ce ya ci gaba da sha, na ƙara masa wani iri, har wata biyu, wai sai na ga bayan ƙwayoyin cuta.

Sai cikinsa ya lalace, yau zawo gobe kumburi. Daga nan halinsa ya juya. Mutumin da ba ya barin kowa da tsokana ya koma zaman shiru a gindin mangwaro, abu kaɗan ya fusata shi, ranar nan har hawaye na gani a idonsa. Inna ta fara dama masa fura da kindirmo. Da na tarar da ƙwaryar, kifar da ita na yi.

"Mi nonon ga ya yi maka?" in ji Inna. "Shi kaɗai cikinai ka karɓa."

Na ce mata ƙwayoyi ne cike da shi, ƙazanta ce.

Wannan ma da sauƙi. Ranar kasuwa abokansa masunta suka biyo ta shagona suna tambayar jikinsa. Na gyara murya irin ta masu ilimi na ce kansa ne ya taɓu, tsufa ya zo. Kafin mako ya zagayo sun sa wani a gaban jirage.

Da abin ya ƙi, muka kai shi asibiti. Likitar ta tambayi abin da ya sha, na zazzage mata kwalayen ina taƙama. Ta daɗe tana kallona. Ta ce a hanjin kowa akwai ƙananan halittu masu amfani, kuma hanji da ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta jijiya da ta jini. Idan aka share halittun nan da magani, ciki ya rikice, rai ma yana iya rikicewa. Ta ce a daina kafso, a ba shi wake, ganye da kindirmo. Inna ba ta ko dube ni ba, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A hankali Baba ya dawo daidai, har da tsokanarsa. Na je wurin masuntan in janye maganata. Babbansu ya ce, "Kai ɗanai ne, kuma kai ka san magani. Wa za ya sa ɗiyanai bin jirgin babanka yanzu?"

Baba yana fita kamun kifi har yau, amma shi kaɗai, kusa da gaɓa. Wani lokaci yakan tambaye ni ko na ji wanda ya ɓata shi a wurin mutanensa. Har yanzu ban gaya masa ni ne ba.