Ranar da Alhaji Sabo Ya Kama Ni da Baƙin Kofi

Hancina na cikin kofin gilashi, kumfa har leɓe, sai ga Alhaji Sabo, mahaifin yarinyar da nake nema, tsaye a bakin zaurenmu a Yakasai.

Karance-karancen waya ne suka ja min. Na karanta yadda Turawa ke gwada baƙar giyarsu: a ɗaga ta a haske, a juya kofin, a shinshina, sannan a kurɓa. Haushi ya kama ni, na ce mu ma ai muna da baƙin abin sha na halak. Na sayo lemon malt kala-kala ina gwadawa, don in rufe bakin dolayen majalisarmu masu cewa duk ɗanɗanonsu ɗaya.

"Kai Nura! Giya a cikin badala?"

"Wallahi Baba, malt ne!"

"Malt ɗin ake shinshinawa kamar turare? Miƙo nan."

Na ce shi ke nan, aurena ya tafi a kan lemon kwalba.

Ya kurɓa, ya juya shi a baki, har da lumshe ido.

"Malt ne. Waccan ta fi wannan ɗaci nesa ba kusa ba, kuma kumfarta ba ta saurin kwanciya haka."

Na dube shi, ya dubi silin.

"Wato... haka nake jin yaran mota suna faɗa, lokacin da nake tuƙi zuwa Kurmi, can Kudu. Ka ce wa babanka ya turo a sa rana."

To jama'a, masu zagin tarbiyyar 'yan zamani kullum: in nemi ƙarin bayani wajen Alhaji Sabo, ko in bari sai an shafa fatiha?